Tafiyar da Shehu Bai Yi Ba, da Baƙin da Suka Ratsa Boɗinga da Shagari



Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Boɗinga, ta wuce Shagari da Tambuwal ta gangara Jega, a lokacin jigilar alhazai, ya san irin cunkoson da ake yi a mashigar filin jirgin sama na Sultan Abubakar na Uku. Tsohuwa za ta baro ƙauyensu da hantsi da 'yar jakarta, idan jirgin ya zo kan lokaci (mun san ba kullum yake zuwa ba) kafin gari ya sake wayewa tana Madina. Mun saba da abin har ya daina ba mu mamaki. To amma wannan tafiya ita ce wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna Sifawa nan kusa da inda jiragen ke tashi, ya yi ta bege tun yana saurayi, har Allah Ya karɓi ransa a 1817 bai yi ta ba. Ƙanensa Malam Abdullahi, mai Boɗinga, ya ɗaura niyya har ya kama hanya, ya tsaya a Kano. Ɗansa Muhammadu Bello bai je ba. A cikin Sarakunan Musulmin da suka yi mulki a ƙarni na 19 babu wanda ya taka Makka da ƙafarsa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakaninmu. Da zarar an ambaci Bayajidda da tahowarsa daga Bagadaza, ko Uƙba da ake cewa shi ne kakan Fulani, sai mu rabu gida biyu. Wasu su rantse haka aka yi, wanda ya yi tambaya ma ya zama marar kunya. Wasu kuma su ce duk tatsuniya ce, a zubar. Mu a ganinmu kowane ɓangare ya yi gaggawa. Labarin tafiya, ko a ina aka rubuta shi, yakan haɗa abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da abin da aka karanta a littafin wani, da abin da zuciya ta so. Aikin mai karatu shi ne ya tsince su. Kuma da wuya a sami wurin da ya fi wannan guntuwar hanya tamu dacewa da koyon tsintar.

Bari mu fara da nesa, domin malaman Sifawa da Boɗinga, ko da yake a ƙarni na 19 suka rayu, littattafan da suka tashi a kansu na ƙarnonin baya ne.

Shahararren matafiyin duniyar Musulunci shi ne Ibn Batuta. Ya bar garinsu Tanja na ƙasar Maroko a 1325 da niyyar aikin hajji, bai zauna ba sai bayan kusan shekara talatin. A 1352 ya ƙetare Sahara ya zo Mali a zamanin Mansa Sulaiman, ya bi Tumbuktu da Gawo, ya isa Takadda, wadda masana ke cewa tana yankin Azalik a Jamhuriyar Nijar ta yau. Daga can ya juya gida a 1353. A Takadda ne ya ambaci Gobir a cikin wuraren da ake kai tagulla, ya ambaci Barno ya ce tafiyar kwana arba'in ce. Bai je ko ɗaya ba, 'yan kasuwa suka ba shi labari. Ya ga kogin Kwara da idonsa, ya ga dorina, ya ga kada, amma ya kira kogin Nilu, ya ce yana wucewa har ƙasar Nuba ya faɗa Masar. Ruwan da ya gani gaskiya ne, inda ya kai shi kuwa daga littafi ya ɗauko.

Kuma ba shi ya rubuta littafin da hannunsa ba. Sarkin Maroko Abu Inan ya haɗa shi da wani marubuci mai suna Ibn Juzai, shi yana faɗa, wancan yana tsarawa. Masu bincike sun gano cewa bayanin Dimashƙu da Makka da Madina da ke ciki, da yawansa an kwaso shi ne daga littafin Ibn Jubair, mutumin Andalus da ya yi hajji kusan shekara ɗari da hamsin kafin nan. Sun kuma yi shakkar zuwan da ya ce ya yi garin Bulgar a gefen kogin Bolga, saboda kwanakin da ya lissafa ba su isa tafiyar ba. Duk da haka babu mai hankalin da zai ce a jefar da littafin, don ba mu da wani shaidan gani da ido a kan fadar Mali ta ƙarni na 14 in ba shi ba.

A daidai waɗannan shekaru wani littafi ya ɓulla a Turai da sunan wani bajimi Jon Mandabil, wanda ya ce ya zaga Ƙudus da Indiya da Sin. A ciki akwai mutane masu kan kare da waɗanda fuskarsu ke a ƙirji. Har yau ba a tabbatar da wanene marubucin ba, abin da aka tabbatar shi ne ya zauna ne ya harhaɗa rubutun matafiyan gaske ya zuba masa gishiri. Kwafi kusan 300 na rubutun hannu suka rage daga wannan littafi, wato ya fi na Marko Polo karɓuwa, alhali Marko Polo shi ya sha ranar hanya.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus. Ya gama littafinsa a Italiya a 1526, aka buga shi a 1550, ya kawo bayanin Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara. Masana da dama na shakkar ko ya taka ƙasar Hausa. Babban abin da ya ja masa zargi shi ne cewar da ya yi ya shiga jirgin ruwa a Tumbuktu, ruwa ya gangara da shi yamma. Kwara kuwa a can gabas take gudu. Wannan magana ɗaya ta rikita masu zanen taswira a Turai shekaru sama da ɗari biyu, sai a 1796 da Mungo Park ya tsaya a bakin kogin a Segu ya ga inda ruwan ya dosa. A riƙe zancen kogin nan, za mu sake cin karo da shi a Sakkwato.

Yanzu mu dawo gida.

An haifi Shehu a Maratta a 1754. Yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka ya yi ƙasidarsa ta Larabci da aka sani da Daliyya, wadda gaba ɗayanta begen Manzon Allah (SAW) ce da ƙishirwar zuwa Madina. Dama ta zo masa sau ɗaya. Ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, malamin kuwa yana kan hanyar hajji. Malam Abdullahi ya ba da labarin abin da ya faru a littafinsa Ida'un Nusukhi: Malam Jibrilu ya umarci almajirin ya koma gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Shehu ya juyo. Mu tsaya mu dubi wannan da kyau. Saurayi ne mai tsananin bege, ga ayari a gabansa, ga malamin da yake ƙauna, abin da ya tare shi kawai rashin izinin uba. Da ya wuce, wata ƙila da ya zama ɗaya daga cikin malaman ƙasar Takruru da suka zauna Hijaz suka rasu can, mu kuma da tarihinmu ya bi wata hanya dabam.

Daga nan sauran tafiye-tafiyensa na ƙafa duk a cikin ƙasar nan ya yi su: yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, zaman Ɗagel, hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, sannan gwagwarmayar da ta kai jama'a Gwandu, daga nan Sifawa wajen 1810, inda ya zauna har 1815 kafin ya koma Sakkwato. 'Yarsa Nana Asma'u ta bi wannan zagaye zango zango a waƙarta ta Fulatanci, wadda ɗan'uwanta Isa ya mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye. Wannan tafiya ce ta zahiri, an yi yunwa a cikinta, an yi annoba, an binne mutane a hanya.

Sai dai akwai wata tafiyar da Shehu da kansa ya ba da labari, wadda ba a yi ta da raƙumi ba. A ɗan littafinsa na wuridi ya ce da ya kai shekara arba'in da 'yan watanni, wato wajen 1794, an jawo shi zuwa hallarar Manzon Allah (SAW) da sahabbai da waliyyai, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Mun san a cikinmu akwai masu karɓar wannan hannu biyu, akwai masu ja da baya, kuma ba mu zo raba wannan gardama ba. Abin da ɗalibin tarihi zai lura da shi shi ne Shehu bai cakuɗa ta da tafiyar ƙafa ba. Bai taɓa cewa ya yi hajji ba. Ya faɗi wadda ya yi da jiki, ya faɗi wadda ya gani ta hanyar kashafi, kowace da sunanta. Mun taso muna jin tsofaffi na cewa ana naɗe masa ƙasa ya je Ka'aba ya dawo a dare ɗaya. Wannan zancen masoya ne da suka ga bai dace a ce mai bege irin nasa bai je ba, sai suka kai shi da bakinsu. Shi kuwa waƙoƙinsa har ƙarshen rayuwa na mutumin da bai je ba ne, kuma daga rashin zuwan suka sami zafinsu.

Labarin Malam Abdullahi ya fi taɓa mu, domin shi ya fi kusa da tafiya, kuma dalilinsa ya fi ɗaci. Wajen 1807, jihadi na tsakiyarsa, rundunar jama'a ta nufi Alƙalawa. Malam Abdullahi ya dubi waɗanda ke kewaye da shi, ya ga abokansa na farko, masu karatu da tsoron Allah, yawancinsu sun yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa. Ya ga waɗanda suka maye gurbinsu hankalinsu na kan mulki da ganima da dawaki da tufafi. Sai ya sulale daga rundunar da mutum biyar, ya fuskanci gabas da niyyar ba zai tsaya ba sai Madina. Ya ce sun kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Da suka isa Kano mutanen gari suka tare shi, suka ce abin da ya guje wa can shi ne ke damunsu nan, ya zauna ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga ƙarshe ya juyo gida.

Bayan 'yan shekaru, Shehu na Sifawa, shi kuma ya kafa zamansa a Boɗinga, aka damƙa masa kula da yammacin daula a rabon da aka yi a 1812. A shekarun nan ne, a 1813, ya tattara waƙoƙinsa ya yi musu sharhi a littafin Tazyinul Waraƙati, kuma a nan labarin tafiyar Kano yake. Wanda ya karanta littafin zai ga abu biyu a jere. A zube, Malam Abdullahi na ba da labari kamar mai ba da shaida gaban alƙali: shekara kaza, wuri kaza, mu kaza. A waƙe kuma sai ya hau taguwa irin ta mawaƙan Larabawan jahiliyya, ya tsaya kan kufai yana kukan waɗanda suka tashi, ya ratsa hamadar da bai taɓa gani ba. Ba abin mamaki ba ne, shi da kansa ya faɗa cewa a wurin Shehu ya karanci Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida. A zaurukan nan kuma aka saba karanta Maƙamatul Hariri, labarai hamsin na wani mayaudari mai zaƙin baki, Abu Zaid, wanda ke ɓulla yau a wannan birni gobe a wancan. Ɗalibin Boɗinga ya san unguwannin Basra da Bagadaza a takarda tun bai san hanyar Katsina ba. Saboda haka idan malami ya hau taguwar waƙa, almajiransa sun san ba ƙarya yake yi ba, salon fannin ke nan. Mu ne yau, da muka rasa wannan horo, muke ɗaukar waƙa a matsayin rahoto, ko mu ɗauki rahoto a matsayin waƙa.

Wani zai ce ai Kano ta cuce shi da ta hana shi wucewa. Mu dai mun ga ribar ta fi yawa. Tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda har yau ake bugawa ana karantawa har a ƙasashen Larabawa, bayan dawowar nan ya rubuta shi. Littafin ya je inda mai shi bai je ba.

Muhammadu Bello shi ma matafiyin zaune ne. A 1812 ya gama Infaƙul Maisuri, wanda ya buɗe da bayanin ƙasashen Takruru tun daga wajen Darfur da Wadai da Bagarmi har zuwa Futa. Mafi yawansu bai taɓa zuwa ba. A ciki ne ya kawo cewa Gobirawa asalinsu Kibɗawan Masar ne, Yarbawa kuma daga zuriyar Kan'ana, sauran ƙasashen Hausa daga wani Bawo da ya ce bawan Sarkin Barno ne. Masu son zagi sukan ɗauko wannan su yi ta jifa da shi, masu son kare Bello kuma su rasa abin cewa. Da sun karanta da kyau da sun ga cewa a zancen Bawo ya faɗi wanda ya ba shi labarin, wato Sarkin Agadas Muhammadul Baƙiri. Tarbiyyar malaman hadisi ke nan: ka faɗi daga wa ka ji, nauyin ya koma kansa. Bello bai ce ya gani ba. Kuma a lura, kowace al'umma a jerin nan an ba ta kakan da ya taso daga gabas. Bayajidda daga Bagadaza, Uƙba daga ƙasar Larabawa, Kisra na mutanen Bargu daga can wajen. Irin wannan labari amsa yake bayarwa ga tambayar su wa muke a cikin al'ummar duniya, kuma wa ya cancanci sarauta. Shi ya sa yake da amfani ga mai tarihi ko da ba a sami sawun doki ko ɗaya a hanyar Bagadaza ba. Tafiyar Toronkawa daga Futa Toro zuwa Ƙonni ƙarƙashin Musa Jakollo kuwa wani aji ce dabam, don tana da jerin kakanni da ake ƙirgawa har zuwa kan Shehu, ga kuma harshe da dangi da aka baro a hanya suna ba da shaida.

Ga kogin nan ya dawo. A watan Maris na 1824 Baturen Ingila Kyaftin Klafaton ya iso Sakkwato, babban abin da ke ransa shi ne ya san inda Kwara ta ƙare. Ya rubuta cewa Sarkin Musulmi Bello ya zana masa kogin a ƙasa, ya nuna yana faɗawa teku ta kudu. Amma taswirar takarda da aka ba shi daga fada, wadda aka buga a Landan a 1826, ta nuna Kwara ta miƙe gabas, da rubutu a jikinta mai cewa ita ce ke isa Masar ake kiranta Nilu. An kuma hana shi zuwa Yawuri da Nufe ya gani da idonsa. Masana sun kasu: wasu na cewa da gangan aka ɓatar da shi, don Bello ya san abin da Ingilishi suka yi a Indiya, ba ya son jiragensu su san ƙofar ƙasarsa. Wasu na cewa magatakardan da ya zana taswirar ya bi abin da ke cikin tsofaffin littattafai ne kawai. Mu mun fi karkata ga na farko, ko da yake ɗaya ba ta kore ɗaya ba: idan kana son ɓoye hanya, babu mayafin da ya fi kuskuren da manyan littattafai suka riga suka amince da shi. Klafaton ya sake dawowa, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827 bai sami amsa ba. Baransa Richad Landa ne da ƙanensa suka bi kogin a kwalekwale har teku a 1830.

Baƙon da ya taka hanyarmu sosai shi ne Bajamushe Hainrik Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya zauna Wurno, ya shiga Sakkwato, sannan a tsakiyar watan Mayu ya kama hanyar Gwandu ta Boɗinga da Shagari. Af, tun da mun zo Shagari: ana cewa sunan garin daga "sha gari" ya samo asali, wai zango ne da matafiya tsakanin Sakkwato da Gwandu ke sauka su dama gari su sha, wasu ma na jingina maganar ga Sarkin Musulmi Bello. Ko haka ne ko ba haka ba, labarin ya dace da wurin, don garin kan hanyar manyan biranen daula biyu yake, kuma duk mai tafiya tsakaninsu sai ya ratsa.

A Gwandu, Sarki Halilu ɗan Malam Abdullahi ya ƙi yarda ya ga Barth ido da ido. Amma a garin ne wani malami ya ara masa wani littafi na rubutun hannu, ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Littafin shi ne Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tumbuktu. Daga wannan aro ne Turai ta fara sanin jerin sarakunan Songhai da labarin Askiya Muhammadu, wanda ya yi hajji a 1496 zuwa 1497. Abin lura a nan: mutumin da ya ratso Sahara da agogo da kamfas yana auna kowane zango, babban abin da ya koma da shi daga yankin nan ya same shi ne a ɗakin karatun mutanen da ba su je ko'ina ba. Kuma shi ma ya yi tuntuɓe, ya ce Ahmad Baba ne ya wallafa littafin, alhali na Abdurrahman Sa'adi ne, wanda ya rubuta shi wajen 1655, bayan rasuwar Ahmad Baba da kusan shekara talatin. Da ya kusa Tumbuktu kuma, don tsoron ransa, sai ya rikiɗe ya ce shi Balarabe ne sharifi daga Sham. Matafiyin gaske ke nan da asalin ƙirƙira.

A cikin ayarin Barth da ya ratsa Boɗinga akwai wani yaro Bahaushe ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, mutumin ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu. An kama shi bawa yana ƙarami, abokin tafiyar Barth mai suna Oberweg ya 'yanta shi. Ya bi Barth har Tumbuktu, ya dawo ta Kukawa, ya ƙetare Sahara, ya isa Ingila da Jamus a 1855. A can ya zauna da wani mai wa'azin Kirista, Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Yana cikin labaran tafiya na farko da aka rubuta da Hausar boko, kuma abin da ke burge mu da shi shi ne rashin ƙari. Yaron da ya ga jirgin ƙasa da birnin Landan, wanda da ya ce ya ga masu kan kare ba mai ƙaryata shi a gida, sai ya tsaya kan abin da ya gani: yadda ake cin abinci, yadda ake sa tufafi, irin sanyin da ya sha. Ya dawo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912. Littattafan da suka biyo baya a 1934, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, su suka koma wa tafiyar ƙirƙira da aljannunta, kuma ba su ɓoye cewa ƙirƙira ce ba.

Saura tafiya ɗaya, wadda ta fara a matsayin zance ta ƙare da jini. Tun zamanin Shehu akwai magana a cikin jama'a cewa ƙarshen zamani ya kusa, kuma wata rana za a yi ƙaura gabas, a nufi kogin Nilu a tarbi Mahadi, a wuce Makka. Maganar ta yi ƙarfi har sarakuna suka riƙa fargabar talakawa za su watse su bar gonaki. A ƙarshen ƙarnin, Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano takarda tana cewa lallai mahaifinta ya yi zancen ƙaurar har ya faɗi hanyar da za a bi, amma lokacin bai yi ba, a hana mutane tashi. Shekara kusan ɗari wannan tafiya na zaune a cikin kawunan mutane, sun san zangunanta ba su taka ko ɗaya ba.

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Waziri Buhari ya zaɓi ya zauna da jama'ar da ba ta iya tashi, ya kuma rubuta hujjarsa. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira. Abin da ya firgita Turawa shi ne yadda mutane suka riƙa barin garuruwa suna bin sa, manoma da mata da tsofaffi, ba tare da an aika musu ba. Ba sa bukatar a yi musu bayani, sun riga sun san labarin tun daga bakin kakanninsu. An tare su a Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yau, inda aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mabiyansa ranar 27 ga Yuli 1903.

Waɗanda suka tsira suka ci gaba. Kaɗan sun kai Hijaz, cikinsu har da Alfa Hashim, wanda ya zauna Madina ya zama madogarar alhazan Afirka ta Yamma har rasuwarsa. Mafi yawa suka bi ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, suka ratsa ƙasar Chadi da Darfur a ƙafa, suna tsayawa su yi noma su sami guzuri su ƙara gaba. Bayan 'yan shekaru suka sauka a ƙasar Sudan kusa da Sannar, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. Garin na nan har gobe da sunan Mai Wurno, ana jin Fulatanci da Hausa a kasuwarsa, kuma jikokin mutanen Sakkwato da Gwandu da ke cikinsa suna ɗiban ruwa daga kogin da taswirar fadar Bello ta ce Kwara ce ke zama shi.